Shin ya dace a yanka lambun gari a gina otal?

"Assalamu alaikum. Malam, a tsakiyar garinmu akwai wani tsohon lambu na gwamnati, da itatuwan darbejiya da maɗaci, yara na buga ƙwallo a gefe guda. Yanzu mun ji za a ba wani attajiri wurin ya gina otal na zamani. Gari ya rabu biyu. Wasu na cewa ci gaba ne, matasa za su sami aiki, kuma dama wurin ya zama matattarar 'yan shaye-shaye. Wasu kuma na cewa cin amana ne. Ni malamin makaranta ne, an sa ni a kwamitin unguwa da zai gana da hukuma. Me ya kamata mu ce?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi riƙo da hannayenku a wannan aiki da aka ɗora muku.

Tambayarka guda biyu ce aka ɗaure da igiya ɗaya. Ta farko, shin garinku na bukatar otal? Ta biyu, shin dole sai a cikin wannan lambun za a gina shi? Masu son aikin da gangan suke haɗa su, domin duk wanda ya ce kada a taɓa lambu sai a ce ba ya son ci gaba. Aikinku na farko a zaman da za ku yi shi ne ku kwance igiyar nan. Ana iya amsa ta farko da "e" da babbar murya, a amsa ta biyu da "a'a", ba tare da mutum ya yi tufka da warwara ba. Ni ra'ayina ke nan, kuma shekarun da na yi ina aikin tsara gari, ina juya fayil-fayil na filaye, su suka kai ni gare shi. Ga dalilaina.

Me ya sa kullum lambu ake hange?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ce uwa a harkar fili a Nijeriya. Sashenta na farko ya damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. Gwamna ne ke ba da izinin mallaka a cikin birni, ƙaramar hukuma kuma tana bayarwa a karkara. Sashe na 28 ya ba gwamna damar ƙwace izinin da ke hannun mutum idan bukatar jama'a ta taso, sashe na 29 kuma ya wajabta biyan diyyar gini da amfanin da ke kan filin. Kotun Ƙoli ma ta taɓa yanke hukunci, a shari'ar Osho ta 1991, cewa ƙwace filin wani a miƙa wa wani ɗan kasuwa domin ribar kansa ba bukatar jama'a ba ce.

To lura da inda gizo ke saƙa. Duk wannan kariya ta mai takarda ce. Gonar Malam Wane tana da mai ita, zai kai ƙara, zai nemi diyya. Lambun gari kuwa maraya ne. A fayil sunansa "filin gwamnati", babu wanda za a biya ko sisin kwabo, babu gidan da za a rushe, ga titi ya zo har bakinsa, ga wuta ga ruwa, ga shi a inda kuɗin fili ya fi tsada a duk garin. Shi ya sa ake hange shi. Ba wai ya fi ko'ina dacewa da otal ba ne, ya fi ko'ina arha ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Tsadar tana nan ba ta ɓace ba, an dai juye ta ne a kan waɗanda ba a tambaya ba.

Kakanninmu suna da sunan irin wannan wuri tun kafin zuwan Turawa: hurumi. Filin idi, maƙabarta, makiyaya, burtali, bakin kasuwa, duk hurumi ne, kuma sarki da kansa ba ya sayar da shi, sai dai ya tsare. Kalmar "amana" da ke cikin dokar 1978 ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Idan kun je gaban hukuma, da wannan harshen za ku yi magana, don shi kowa ke ganewa, daga hakimi har kwamishina.

Abin da ya faru a Kano

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarun mulkin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje an ba 'yan kasuwa filaye da dama na jama'a a Kano, aka yi gine-gine a gefen Filin Idi na Ƙofar Mata, da Filin Sukuwa, da harabar tsohon otal ɗin Daula, da Sansanin Alhazai. Gwamnati ta ce haɗin gwiwa ne da masu zuba jari, kuma filayen zaman banza suke yi. A 2020 har an yi maganar ɗauke gidan zu na Audu Baƙo a mayar da shi Tiga, jama'a suka yi ca. Da Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayu 2023, ba a cika mako guda ba katafila ta shiga Filin Sukuwa, daga nan ta wuce Daula da Filin Idi. Kanawa suka sa wa lamarin suna "rusau".

Ba shari'ar wane gwamna ne ya yi daidai nake yi ba, wannan rigima ce da har yau ke raba abokai a majalisa. Abin da nake so ka gani shi ne lissafin ƙarshe. 'Yan kasuwar Filin Idi sun kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke a watan Satumba 2023 cewa gwamnati ta biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Waɗanda suka sayi shaguna da gumin goshinsu sun wayi gari a kan ɓaraguzai. Baitulmalin jiha ya biya diyya. Kuɗin da aka narka a siminti da rodi ya bi iska. Kowa ya yi asara, har da shi mai zuba jarin. Wannan batu ku gaya wa attajirin naku cikin mutunci, domin nasiha ce a gare shi: takardar da gwamna ɗaya ya sa wa hannu a kan filin da jama'a ba su yafe ba, gwamna na gaba yana iya yage ta, kuma zai sami masu yi masa tafi.

Aiki da kuɗin shiga

Hujjar aikin yi ita ce mafi ƙarfi a hannun masu son otal, kuma kada ku raina ta. Matashin da ya gama makaranta shekara biyar yana zaune a gindin bishiya, in ka ce masa inuwa ta fi albashi, zai ga ka ƙoshi ne shi ya sa. Otal yana kawo aiki. Lokacin gini akwai birkila da lebura da kafinta da mai walda da direban tifa. Bayan an buɗe akwai masu shara da wanki da girki da gadi, ga mai kawo kaji da ƙwai da kayan miya. Gari mai karɓar baƙi, ko na kasuwa ko na biki ko na taron gwamnati, in ba shi da masauki mai kyau, baƙinsa a wani gari za su kwana su kashe kuɗinsu a can.

Amma duk wannan alherin, wanne ne daga ciki zai ragu idan an gina otal ɗin a bakin hanyar shigowa gari, ko a harabar wata tsohuwar ma'aikata da ta mutu? Ko ɗaya. Lebura ɗaya ne, mai girki ɗaya ne. Abin da kawai zai canza shi ne mai otal zai sayi filinsa da kuɗinsa kamar kowa. Saboda haka in aka ce muku in ba a lambu ba aikin ba zai yiwu ba, to an gaya muku ne, ba tare da an sani ba, cewa ribar aikin a filin take, ba a ɗakunan kwana ba.

Sai maganar haraji, wadda ake yawan kumbura ta. Harajin VAT na kashi 7.5 da harajin ribar kamfani hukumar tarayya ce ke karɓa. Harajin albashin ma'aikata da kuɗin ƙasa na shekara na jiha ne. Abin da ke faɗowa aljihun ƙaramar hukumarku kai tsaye bai wuce harajin gini da 'yan kuɗaɗen lasisi ba. Ku nemi a rubuta muku a takarda nawa zai shigo, kuma asusun wa.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa ranar aza harsashi: otal yana mutuwa. Otal ɗin Durbar na Kaduna, da aka gina domin FESTAC, bikin al'adun Afirka na 1977, ya yi shekaru a kulle yana rubewa kafin a rushe shi a Janairun 2020. Otal ɗin Bagauda da ya yi tashe a Kano yanzu makarantar horar da lauyoyi ce. Daula ma ta daɗe da daina karɓar baƙi kafin rigimarta ta taso. In otal ya mutu, filin ba ya komawa lambu. Ya riga ya zama kadarar kasuwanci, wataƙila ma an jinginar da takardarsa a banki, wanda zai sayar wa mai son yin shaguna. Maɗacin da aka sare cikin yini guda kuwa, jikanka ne zai ga tsayin wanda za a dasa a madadinsa, in an dasa ke nan.

Abin da ba ya shiga fayil

Bari in ba ka labarin da ya canza yadda nake aiki. An taɓa kawo min fayil na neman sauya manufar wani fili daga wurin shaƙatawa zuwa na kasuwanci. A ciki akwai hotuna huɗu: ƙasa fetal, katanga ta zube, akuya biyu, tarin bola a kusurwa. Rahoton ya ce ba a amfani da wurin. Na kusa sa hannu, sai na lura inuwar bishiyoyin duk a gindinsu take, wato da tsakar rana aka ɗauki hoton, kuma ciyawa a bushe, alamar bazara ce. Wa zai fita filin Allah ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40? Washegari bayan La'asar na hau babur na je da kaina. Na tarar da ƙungiyoyin ƙwallo biyu a fili, ta uku na zaune a kan katangar nan da ta zube tana jiran layi. Dattawa sun shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya suna dara. Mai shayi ya kafa teburinsa, wata yarinya na soya awara, ɗalibai uku sun baje littattafai a kan benci don gidajensu babu sarari. Wani mai koyar da tuƙi yana zagaye da tsohuwar mota a can ƙarshe. Na rubuta abin da na gani, na ƙi ba da shawarar a sauya. Ba zan ɓoye maka ba, fayil ɗin ya bi ta wani teburin ya wuce, yau gini ne a wurin. Amma tun daga ranar ban sake yarda da hoton tsakar rana ba.

Ku ma ku yi haka. Ku sa ɗalibanku manya su zauna da littafi da biro na mako biyu, da safe, da bayan La'asar, da ranar Juma'a, su ƙirga masu shiga da abin da suke yi, da masu neman abinci a wurin. Wannan ƙidaya ta fi dogon jawabi tasiri a gaban jami'i, don ita yake iya sakawa a fayil.

Sannan akwai aikin da lambu ke yi ko babu kowa a cikinsa. Ƙasa buɗaɗɗiya tana shan ruwan sama. In aka rufe ta da rufin kwano da kankare da wurin ajiye motoci, ruwan nan dole ya nemi hanya, kuma hanyarsa ita ce lungun da ya fi gangare. Duk wanda ya girma a cikin birnin Kano ya san kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, ya kuma san abin da unguwannin ke gani a watan Agusta. Otal kuma mashayin ruwa ne: wanki, wanka, girki, wani lokaci har da wurin ninƙaya. Zai haƙa burtsatse mai zurfin da talaka ba zai iya ba, rijiyoyin maƙwabta su fara ja da baya. Ga ƙarar janareta dare da rana, ga motocin 'yan biki da za su toshe titi duk ƙarshen mako. Inuwar kuwa ba sai na yi maka bayaninta ba, kai da ke koyarwa a aji mai rufin kwano.

'Yan shaye-shaye da zancen baɗala

Cewa wurin ya zama matattarar ɓata-gari gaskiya ne a mafi yawan lambunanmu, amma a tambayi yadda aka yi ya zama haka. An daina biyan mai gadi, fitila ta mutu ba a gyara ba, famfo ya ƙafe, aka bar mutane na zubar da shara. Na ga wuraren da sakacin ya yi kama da na ganganci, a bar wuri ya lalace har jama'a su gaji su ce a ɗauke musu shi. Maganin wurin da ba shi da mai gadi shi ne mai gadi da fitila. Yaran da ke shaye-shayen kuma otal ba zai shiryar da su ba, za su koma kangon da ke bayan makarantarku ne.

Ta ɗaya ɓangaren ma ina da gargaɗi. Na san a kwamitinku akwai masu cewa otal gidan baɗala ne. Damuwa ce ta gaske a wurin iyaye, amma kada ku gina hujjarku a kanta. Mai otal zai tashi ya ce ba giya, ba kiɗa, zai gina masallaci a harabar, Hisba ta shigo duk lokacin da ta ga dama. Shi ke nan ya ƙwace muku sanda, lambu kuma ya tafi. Ko masaukin alhazai za a gina, tambayar tana nan: don me sai a hurumin jama'a?

Zaɓin da ke gabanku

Mafi kyau shi ne ku je da wani filin a hannu. Kwamitin da ya ce "ba mu yarda ba" kawai, ana kiransa 'yan adawa. Wanda ya ce "ga wurare biyu da suka fi dacewa" dole a saurare shi. Kusan kowane gari a Arewa yana da tsohon gidan saukar baƙi na gwamnati da ya lalace, ko harabar ma'aikatar ayyuka da ta cika da matattun motoci. Can ne wurin otal. In ma attajirin yana son baƙinsa su riƙa hango kore ta taga, ya sayi fili a maƙwabtan lambun. A Abuja, otal ɗin Transcorp Hilton da lambun Millennium, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003, maƙwabtan juna ne a Maitama, kowa na ƙara wa ɗan'uwansa daraja, babu wanda ya haɗiye wani.

Za a iya kawo muku tayin raba-daidai: a ba shi kusurwa ɗaya, shi kuma ya gyara sauran. A takarda yana da kyau, kuma ba na cewa haramun ne. Sai dai abin da na sha gani shi ne kusurwa tana girma. Bana an ƙara wurin ajiye motoci, baɗi ɗakin taro, sai katanga ta zagaye duka "saboda tsaro", sai a sa mai karɓar kuɗin shiga a ƙofa. Lambun yana nan da sunansa, amma ɗan mai awara ba ya iya shiga. In har aka kai ga wannan, to ya zama haya ce mai gajeren wa'adi, kada a ba da takardar mallaka mai shekara 99. A auna iyaka a kafa duwatsu a gaban mai unguwa da dagaci. A rubuta cewa ba za a jinginar da filin ba, shiga sauran lambun kyauta ne, kuma in ba a kammala gini a wa'adin da aka ɗiba ba fili ya dawo. A gyara ɓangaren jama'a tukuna kafin a aza bulo ɗaya na otal, domin alƙawarin "daga baya" ba shi da ranar cika. Tayin musanya kuma, wato a ba ku sabon lambu a bayan gari, ku auna shi da ƙafar yaro ɗan shekara 10 da ta tsoho mai sanda. Lambun da sai an hau adaidaita sahu an biya kuɗi kafin a je, ba na unguwarku ba ne.

Yaushe zan yarda a gina? In ya tabbata wurin a taswirar gari ba lambu ba ne tun asali, ko kuma ƙidayarku ta nuna da gaske babu mai amfani da shi, ga wani filin jama'a kusa da ya wadatar, kuma an tallata filin a fili kowa ya yi tayi maimakon a kira mutum ɗaya a ɗaki. Irin wannan yana faruwa, amma a aikina bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

A zaman naku ku nemi ganin abubuwan nan da idonku: taswirar tsarin garin da ta nuna me aka ware wurin dominsa, takardar amincewar hukumar tsara birane ta jiharku da sauya manufar filin (irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna), rahoton nazarin illa ga muhalli wanda dokar 1992 ta tanada ga manyan ayyuka, da yarjejeniyar da aka ƙulla da mai zuba jarin. Ku nema a rubuce, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In aka ce sirri ne, wannan ma amsa ce, ku rubuta ta a rahotonku. Kada kuma ku ɗauka tsayuwar mutane ƙalilan ba ta tasiri. A 1989 gwamnatin Kenya ta shirya gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru da ke tsakiyar Nairobi. Wata 'yar gwagwarmayar kare muhalli, Wangari Maathai, ta yi ta rubuta wasiƙu, ta je kotu aka kori ƙararta, 'yan majalisa suka yi mata ba'a, amma masu ba da kuɗin daga waje suka janye, aikin ya mutu. Lambun yana nan har gobe.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, Malam. Ban taka lambunku ba, ban ga taswirarsa ba, kuma ni ba lauya ba ne. Dokokin tsara gari sun bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka kafin ku ambaci kotu ku zauna da lauyan da ya san harkar filaye a jiharku. Ku kuma yi sauri, domin ba a fafe gora ranar tafiya: da zarar an zagaye wurin da kwano an sauke yashi, magana ta koma ta diyya, ba ta lambu ba. In kun sami taswirar da ƙidayar ɗaliban, ka turo min in duba muku kafin ranar zaman.